Wace Gwiwar?

Kawuna kafinta ne, kuma in akwai abin da ya tsana a duniya, to yawan magana ne. Tun ina ƙarama yake yi wa unguwa ƙofofi da gadaje, ciniki ma da gyaɗa kai yake gama shi. Da gwiwar hannunsa ta dama ta fara ciwo, bai gaya wa kowa ba sai da guduma ta suɓuce masa a gaban mai aiki.

Likita ya lallatsa wurin, ya ce jijiya yake zargi, amma ba zai taɓa ta ba sai an yi hoton MRI, na'urar nan mai maganaɗisu da ke nuna abin da ke cikin nama. Ya tura shi wurin ma'aikaciyar da ke ba da ranar yin hoto. Ita kuwa, idonta na kan waya, ta tambaye shi ina ke ciwo. Kawu ya ce, "Gwiwa." Ta rubuta gwiwa. Da ta ɗago kai ko sau ɗaya, ai da ta ga mutum rungume da hannu kamar jariri.

Watanni ya yi yana jiran layi, katako na shan ƙura a shago. Ranar da aka kira shi, suka kwantar da shi, suka ɗaure masa ƙafa, suka tura ta cikin na'ura tana ta ƙara. Bai ce uffan ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi ya ɗauka daga ƙasa take farawa, kuma su ne masu sani.

Ni na raka shi karɓar sakamako. Wani sabon likita ya duba, ya yi murmushi, ya yi masa albishir cewa gwiwarsa ta fi ta saurayi ƙwari. Raina ya ɓaci. Na ɗaga hannun Kawu na ce, "Wannan fa, ta maƙwabci ce?" Babu wanda ya ba da haƙuri. Wai laifinsa ne da bai ce ta hannu ba, sai ya koma ƙarshen layi. Har yau in na tuna, sai in ji zuciyata na tafasa.

Jiya na leƙa shago, na tarar da dattijon nan yana koyon buga ƙusa da hagu. Ya lanƙwasa ɗaya, ya zare, ya lanƙwasa wata. Bai juyo ba ya ce, "'Yar nan, daina kallona."