Darasin da Yaya Hadiza Ta Rasu Tana Roƙon a Koyar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Hadiza, wadda mutanen Soron Ɗinki suka fi sani da Sista. Allah Ya jiƙanta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai bana, da abin da na gani a lungunmu ya hana ni sakat.

Malama ce a makarantar koyon aikin jinya. Da sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, murna ta yi ba kaɗan ba. Ta ce yanzu akwai kansila da ɗan majalisa, yaran da ta san iyayensu, dole su saurare ta. Buƙatarta ɗaya ce: a koya wa masu jinya abin da za su yi idan masifa ta auka wa jama'a lokaci guda, ko ruftawar gini, ko gobara, ko amai da gudawa. Takan ce an koya musu kula da mutum ɗaya a kan gado, ba a koya musu yadda za su yi da unguwa guda a kwance a ƙasa ba.

Ta yi sintirin ofisoshi har ta gaji. A ba ta kujera, a kawo lemo, a ce, "Hajiya, in Allah Ya yarda za a duba." Daga ƙarshe ta koma tara ɗalibanta a tsakar gidanmu ran Asabar. In na dawo daga rumfata ta Ƙofar Wambai, ni ake kwantarwa a matsayin wanda katanga ta danne, su ɗora ni a kan ƙyaure su bi lungu da ni, tunda motar asibiti ba ta shiga unguwarmu. In na cika ihu sai ta ce, "Ku ƙyale Sani, mai ihu yana numfashi. Ku nemi wanda ya yi shiru." Maƙwabta na leƙe suna dariya.

A daminar da Yaya ta rasu, ruwa ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiyoyi, amai da gudawa ya ɓarke. Ita da ɗalibanta suka riƙa bi gida-gida. Na roƙe ta ta huta, ga hawan jini. Ta ce, "In na kwanta, wa zai tsaya?" Cutar da take kora ita ta ɗauke ta. Manya suka zo gaisuwa, suka yi alkawari a gaban kowa cewa za a fara koyar da darasin. Har yau shiru.

Bana ɗakin ƙasa ya rufta wa iyalan Malam Garba tela bayan azahar. Akwai nas a lungun, Maryam, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta fito a guje ta nufi matar gidan da ke kururuwa da karyayyen hannu. Mahaifiyar Malam Garba na yashe a gefe, ba ta ce uffan ba. Kafin a waiwaye ta, rai ya yi halinsa. Da na iso daga kasuwa na tarar da Maryam a durƙushe.

"Baba Sani, wallahi ba a taɓa nuna mana ba," in ji ta.

Da Yaya na raye, na san ba laifin Maryam za ta gani ba. Mu za ta tambaya: zaɓe nawa aka yi bayanta, gine-gine nawa aka buɗe da tafi, amma wannan darasi ya gagara?

Cikin ɗalibanta, wasu sun rasu, wasu sun tafi aiki ƙasashen waje. Sista Rabi kaɗai na samu, ta yi ritaya, gwiwa ta hana ta fita. Ta ce, "Malam Sani, ka turo min masu jinyar unguwarku. Ƙafata ce ta gaza, bakina bai gaza ba."

Na bi masu jinyar unguwarmu ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Kowa na fama da aikin da ya fi ƙarfinsa. Maryam ce kaɗai ta je.

Abin da ya rage na Yaya Hadiza ke nan: tsohuwa a kan tabarma da yarinya a gabanta. Damina kuwa ko rabi ba ta yi ba, kuma katangun lungunmu duk sun sha ruwa.