Kwanson da Ya Tsinke a Bindigar Kawu

Ni na yi laifin, ba idon Kawu ba. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba da labarin ta wata fuska, har na kusa yarda da ƙaryata.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin gadin daji tun yana saurayi, da ya ajiye aiki sai ya dawo ƙauyenmu, can bayan Riruwai, da bindigarsa mai lasisi. Ba bindigar toka ba ce irin ta sauran maharba. Mai sakata ce, wadda in an harba ake jan sakatar baya kwanson harsashi ya faɗo. Gonakinmu a gindin dutse suke, kuma duk shekara da masara ta fara nuna sai gwaggon biri su sauko garke guda. Jifa ba ya korarsu, mace kuwa ko kallonta ba sa yi. Amma idan Kawu ya kayar da babbansu, sauran sukan daɗe ba su leƙo ba. Shi ya sa ko mai unguwa yakan rage murya in zai yi masa magana.

Harsashin wannan bindiga ya daina samuwa a wajenmu tun tuni, don haka Kawu ba ya yar da kwanso. Yakan tsince shi ya sake cika shi da 'yan kayan aikin da ya dawo da su. Yadda ake cikawa ban sani ba, domin bai taɓa barina na taɓa albarushi ba, ko da yake a lokacin ina da mata da 'ya'ya huɗu. Abin da ya koya mini shi ne dubawa. Ya ce tagulla tana gajiya kamar mutum. Duk harbi ɗaya kwanso yakan miƙe kaɗan, jikinsa ya sirance kusa da gindi, wata rana sai ya tsinke gida biyu a cikin bindiga. Kafin ya tsinke yakan ba da alama iri biyu. Daga waje wani siririn zobe mai haske yakan fito ya zagaye shi. Daga ciki kuma, in ka zura waya mai lanƙwasasshen baki, za ka ji ta sarƙe a wani ɗan kwari.

Mun raba aikin. Shi yake ɗaga kwanso a rana ya nemi zoben. Ni nake zura wayar, domin ya ce kantar aiki ta kashe masa yatsu. Wanda ya faɗi jarrabawa sai ya jefa shi a wani tsohon gwangwanin madara, aikina ne in kai shi bayan gida in daddake da guduma. Ban daddake ba. Da fari lalaci ne, daga baya kuma na fara jin tausayinsu, don ni a idona lafiyarsu ƙalau.

A daminar da abin ya faru birai sun yi mana ɓarnar da ban taɓa gani ba. Gonata ita ce ta biyu daga dutse, kuma sun cinye kusan rabinta. Kwanso mai kyau ya rage wa Kawu guda uku kacal, ya ce ba zai fita ba sai ya ga babban nasu sosai, don ba shi da na ɓarnatarwa. Kullum mutane suna ƙofar gidansa suna roƙo, ni kuma ina kallon masarata tana ƙarewa. Sai na tuna da gwangwanin.

Na shiga gidan Kawu da hantsi na tarar da 'yarsa, taubashiyata, tana jiƙa tsamiyar kunu. Na ce ta sam mini kaɗan.

Ta ce, "Kai ɗan mace, yaushe ka koma dama kunu? Ko matar taka ta gudu ne?"

Na ce, "Kwanon tagulla zan wanke."

"Kai da ko kwanon silba babu a ɗakinku? Ungo, kar ka yi mini kuka."

Na ɗebo kwanso guda shida daga gwangwanin na jiƙa a ruwan tsamiya, na goge su da toka, irin yadda mata suke yi wa tasa. Suka fito suna ƙyalli tun daga baki har gindi, zoben ya ɓace a cikin hasken. Na zura waya a cikinsu, kowanne na ji ta sarƙe. Na ji da hannuna, ba zan ce ban ji ba. Na kai wa Kawu na ce na tsince su ne a tsohuwar jakar farautarsa, sun maƙale a ɗinki. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana, yana juyawa, yana ƙanƙance ido.

Ya ce, "Ka sa musu waya?"

Na ce, "Na sa, Kawu. Sumul suke."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah bai manta da mu ba."

Kwana biyu bayan haka muka fita, rana ta ɗan ɗaga. Harbin farko lafiya. A na biyu ƙarar ta fito wata iri, hayaƙi ya feso ta baya ya bugi fuskarsa. Ya saki salati ya dafe idon dama. Da ya ja sakata, gindin kwanson kaɗai ya faɗo, ɗan guntu kamar murfin kwalba. Sauran jikin yana can manne a makwancin harsashi. Ya zauna a kan kunyar gona, hawaye na zuba ta ido ɗaya, ya daɗe yana juya guntun nan a tafin hannunsa.

Ya ce, "Na duba shi. Da idona na duba shi a rana, ban ga komai ba."



Ya miƙo mini bindigar ya ce in naɗe ta a buhu in kai wa wani tsohon maƙeri abokinsa a Tudun Wada, shi kaɗai ya yarda ya taɓa ta. Ya ce, "Kar ka zura mata komai. Ko tsinke."

Na hau babur na kama hanya. Abin da nake tsoro shi ne maƙerin ya ciro guntun ya ga an goge shi, ya tambayi wanda ya goge. Ban yi nisa ba na sauka daga titi na shiga ƙarƙashin wata ɗorawa. Na buɗe akwatin babur na ɗauko sukudireba da wata doguwar ƙusa. Na ce a raina in na ciro shi na jefar a rafi, shi ke nan, magana ta mutu.

Na fi awa ɗaya a wurin. Na soka ƙusar tsakanin tagullar da ƙarfen bindiga ina bugawa da dutse. Tagullar tana yagewa tana naɗewa, amma ta ƙi fitowa. Gumi ya jiƙa mini riga, sukudireba ta zame ta yanke ni a babban yatsa, jini ya shiga cikin sakatar, na goge da hulata. Ina bugawa ina roƙon Allah ya fitar da ni, alhali na san abin da nake roƙo a rufa mini. Wani Bafulatani ya wuce da shanunsa ya yi mini sallama, na yi sauri na rufe bindigar da buhu. Da na ga na ƙara cusa abin ciki ne kawai, na mayar da ita buhu na ci gaba da tafiya.

Maƙerin bai ɗauki lokaci ba. Ya ɗiga mai, ya bar shi ya jiƙa, ya tura wani ɗan burushin tagulla mai matsewa, ya ja baya a hankali, guntun ya biyo shi. Ko kallon guntun bai yi ba, don na riga na yayyaga shi. Cikin bindigar ya haska da tocila, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Wa ya shiga nan da ƙusa?"

Na ce, "Mene ne, Baba?"

"Ka ji ni sarai. An kakkarce makwancin kamar an yi huɗa. Daga yau duk kwanson da ya shiga nan sai ya kama, ko sabo ne. Wannan bindiga ta gama aiki. Wa ya yi?"

Na ce, "Kawu ne ya ɗan gwada kafin ya ba ni."

Har yau ban san daga inda maganar ta fito ba. Maƙerin ya ajiye tocilar ya riƙe haɓa. Ya ce, "Shi? Mutumin da ya hana ni kusantar bindiga da ƙarfe tun muna samari? Kai, tsufa bai yi ba." Akwai mutum uku zaune a maƙerar suna jiran fartanyoyinsu, duk sun ji.

A gida na ce wa Kawu fashewar ce ta lalata cikin. Bai yi musu ba. Satin nan ya sa aka raka shi ya miƙa bindigar da takardarta ga hukuma. Birai suka ƙarasa abin da ya rage a gonakin gindin dutse, har da tawa. Maganar maƙera kuma ta biyo masu zuwa kasuwa ta iso ƙauye: tsohon ya rikice, ya cika ruɓaɓɓen kwanso, ya kuma farfasa bindigarsa da ƙusa. Ba wanda ya faɗa a gabansa, amma masu taruwa a ƙofar gidansa suka ragu, waɗanda suke zuwa kuma suka koma yi masa magana da ƙarfi, suna maimaitawa, kamar ga wanda hankalinsa ya tafi.

An kai shi asibiti, likita ya ce fatar idon ce kawai ta ƙuna, ganinsa lafiya lau. Kawu ya ce likita yaro ne. Ya ce idon da ya kalli zobe a tsakar rana bai gani ba, ba ido ba ne. Ya daina karatun Alƙur'aninsa na safe, wai kada ya karanta ba daidai ba. Ya daina zuwa gona. Ya fara lalube bango in zai fita. Ni kuwa na rage zuwa gidan, in na hango shi a kan dakali sai in bi ta bayan masallaci. Abinci ya daina yi mini daɗi, matata ta yi ta tambaya ko ciwo nake ɓoyewa.

Wata rana bayan la'asar taubashiyata ta tare ni a bakin rijiya. Ba ta ce mini ɗan mace ba, ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Yau Baba ya ce in samo masa sanda, in kuma riƙa sa wani yana jansa zuwa masallaci. Mutumin da jiya ya hango shaho a kan rimi tun kafin kaji su gani. Kai kake tare da shi ran nan. Don Allah me ya faru a gonar nan?"

Na ce, "Abin da kika ji."

Ta ce, "Ban ji komai daga bakinka ba. Kullum kai kake sunkuyar da kai."

Na bar guga a nan na bi ta. Kawu yana kan dakali, mai unguwa da wasu dattawa biyu suna gefensa. Na so in jira su tashi, sai na ga in sun tashi ba zan iya ba, kuma su ne ya kamata su ji. Na cire takalmi na durƙusa a ƙasa gabansa. Ya ce, "Wane ne?" alhali yana kallona.

Na ce, "Ni ne, Kawu. Idonka bai yi maka ƙarya ba. Kwanson nan shida daga gwangwani na ɗebo su, waɗanda kai da kanka ka ga zobensu ka jefar. Ni na goge su don kada ka gane. Na sa waya na ji ta sarƙe, na ce maka sumul suke. Bindigar ma ba fashewa ce ta kashe ta ba, ni na shige ta da ƙusa a hanya, na je Tudun Wada na ce kai ne, a gaban mutane. Gobe zan koma can in faɗa a inda na faɗi ta farko. Na kusa makantar da kai, na raba ka da bindigarka, na zubar maka da mutunci, na kuma zuba ido kana lalube bango. Ba ni da abin da zan mayar maka. Kawu, don girman Allah ka yafe mini."