Aljihun da Goggo ke ɗinka mini a hagu

Shekarar da masu bindiga suka kore mu daga garinmu ina goyon ɗana na fari, kuma a hanya nonona na hagu ya kumbura. Kwana huɗu muna ratsa daji, babu ruwan zafi balle magani. Kafin mu iso sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi ya tara mugunya, aka tsaga aka matse. Na warke, amma ya tsuke ya koma ciki, na dama kuwa ya ci gaba da shayar da yaro yana cika. Duk rigar da na sa sai ta karkace. Ni da na saba tsayawa gaban allo ina koyarwa, na koma yawo da zane a kafaɗa cikin zafin Yola kamar mai zazzaɓi.

Wata mai sayar da ƙosai ce ta kai ni unguwar Mbamba wurin wata tsohuwar Bafulatana mai keken ɗinki na ƙafa, kowa Goggo yake ce mata. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta ja labule ta dube ni.

"Cire zanen nan, ɗiyata. Ni ba mijinka ba ne, aiki zan yi."

Ba ta ɗauko tef ba. Tafin hannu ta sa, nan da can, kamar mai auna tumatir. Bayan kwana uku ta ba ni riga da ɗan aljihu a ciki ta hagu, cushe da audugar rimi. Da rigar nan na je neman aiki wata makaranta a Jimeta, kafaɗa a buɗe, aka ɗauke ni.

Ina kewar ranakun Asabar da nake zuwa wurinta ƙwarai. In hau keke napep daga Jimeta, in tarar da kunun gyaɗa a rufe yana jirana, mu yi ta faɗa. Ina son wuya mai faɗi irin na 'yan mata, ita kuwa ta ce aljihu zai leƙo. In yi fushi in ce ba zan dawo ba, ta ce in gaida gida. Ita ke ɗinka mini rigar zumuntar mata ta coci, tana mita wai Kirsimetinmu na hana ta hutu. Da azumi in kai mata sukari da dabino. Audugar ma da kanta take tsintowa idan rimi ya fashe, ta cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Shekara goma muna haka. Sai wuya da baya suka fara yi mini ciwo saboda nauyin gefe guda, audugar kuma da bazara tana fito mini da ƙuraje. Bara na yarda aka yi mini aiki a asibiti, likita ya rage na dama, ya ɗebi kitse a cikina ya cike na hagu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma wata biyar na kasa zuwa Mbamba. A ɓoye na kai ɗinki wurin wata tela a Jimeta, ina jin kamar na yi sata.

Goggo ta aiko cewa rigar Kirsimeti ta kammala. Na sake yafa zane na tafi, da niyyar in karɓa in yi shiru. Idonta ya yi rauni sosai, da lalube ta gane ni. Ta ce sai na gwada a gabanta. Hannunta ya je inda ya saba zuwa, sai ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Likita, Goggo."

Ta daɗe tana shafawa, kamar yadda take bin ɗinkin wani tela tana neman inda ya yi ganganci.

"Ya iya. Amma na dama ya fi na hagu da yatsa ɗaya. Da ni ne, ba zan bari ba."

Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce in miƙo mata reza. Da lalube ta warware aljihun, zare bayan zare, ta zuba mini audugar a hannu.

"Asabar ka kawo yadi, in yanka maka wuyan nan da ka dame ni da shi."

Na sunkuya zan sa takalmi na ga buhu a bayan ƙofa, cike har baki da audugar rimi, an cire 'ya'yan tas. Babu mai amfani da ita a gidan nan sai ni.

"Goggo, wannan fa?"

"Na shekara biyar ne na tara maka," in ji ta, "kafin idon ya tafi gaba ɗaya."