Taɓaryar da ta Ɗaga Sama

Shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa, daminar da ruwa ya ci katangar gidanmu, jirgin ƙasa ya sauke kakata Iya Hansai a Agege. Ina da wayo a lokacin, don ni na ɗauko mata tabarmarta daga tasha. Ubana fataucin goro yake, tsakar gidanmu kullum cike da ganye da huhuna. Mu 'yan mata aikinmu wanke goro da tsince mai tsutsa. Gero kuwa sai an aiko daga Arewa, shi ya sa ranar daka ranar biki ce a gidan.

A bakin turmi Iya ta ba mu labarin sama, rana tsaka. Uwata ta ce ba a tatsuniya da rana, Iya ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da kakata ta gaya mini ne." A da, in ji ta, sama kusa take, dogon mutum sai ya sunkuya. Wata mata ta haihu ba mai dama mata kunu, maƙwabtanta uku suka taru suna yi mata daka. Daka ya yi daɗi, suka shiga lugude, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Taɓarya na taɓa sama, sama na matsawa don ta ba su wuri, har ta yi nisan da ta yi. Halitta ta Allah ce, mun sani sarai. Amma da wannan labarin aka koya mana lugude, har na fasa leɓe ina gwada cafiya.

To, makon jiya jikata Rukayya ta zo da waya. Malamarsu ta sa su nemo labaran farkon duniya a wani shafin intanet da kowa ke rubutu a ciki, su faɗi ko abin dogaro ne. Ta karanta mini, tana juyawa da Hausa. Wai mace ɗaya ce, marowaciya, ta zunguri sama da fushi, sama ta yi yaji. Na ce wa ya rubuta? Ta ce, "Kaka, ba suna." Mutumin da bai taɓa riƙe taɓarya ba! Wa ke cilla taɓarya da fushi? Ai a ka za ta sauko maka.

Na sa ta gyara a shafin. Kafin la'asar wani ya goge, wai ba hujja, sai an nuna littafi. Yarinya ta tsorata, ta ce gara ta kwafi nasu kada malama ta kayar da ita. Nan ne raina ya ɓaci. Wato marar suna hujja ne, ni da nake zaune gabanta da haƙorana biyar ba hujja ba ce?

Yanzu inji ke niƙa, ba turmi ko ɗaya a layinmu, yara ba su san ƙarar lugude ba. Na ce wa Rukayya ta rubuta nasu a aikin makarantar, ta rubuta namu a ƙasa, ta sa sunayenmu. Cikin mu bakwai da muka ji daga bakin Iya, saura uku: Ladi mai tuwo a Mile 12, Talatu da ido ya mutu mata a Alaba Rago, sai ni, Asabe. In malama na son hujja, ta hau motar danfo ta zo tun muna nan.