Ƙulin Duna

Idan ka sauka a Darki ka tambayi gidan Gwadabe, za a ce maka, "Wanne? Mai lambu ko mai kare?" Kada ka ruɗe, mutum ɗaya ne, tsokanar mutanen garin ce kawai. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar hagu, ga murya kamar yana kiran wani daga tsallaken kogi ko da kuwa kana gabansa. Ubansa maharbi ne, shi ma da farauta ya buɗe ido. Sai da gwiwarsa ta goce a wani rami yana da shekara talatin da 'yan kai, sannan ya jingine gora ya koma noman rani. Shekara ashirin da biyar ke nan yana fama da karas da dankali da kabewa da 'yan bishiyoyin ayaba a wata fadama da ke bayan gari.

Abu ɗaya ne ya ƙi rabuwa da shi tun daga zamanin farauta, wato kare. Duna ne sunan na yanzu, baƙi wuluk mai dogayen ƙafafu, jikan jikan wata karya da mahaifin Gwadabe ya rasu ya bari, kuma shi kaɗai ya rage a wannan jinin. Shi ke zagaye lambun a madadin gwiwar da ta ƙi, shi ke sa ɓarayin kabewa su canza shawara tun daga nesa. Gwadabe yana son karen nan, ba ya ma ɓoyewa. Matarsa Safara'u kuwa, shekara bakwai karen yana kwana a ƙofar gidansu, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan abin naka" take ce masa.

Aibin Duna ɗaya ne, amma babba. Ba ya iya ganin akuya ya kau da kai. To, ga rani, kowa ya saki awakinsa suna yawo a gari. Na farko aka ba da haƙuri, na biyu aka ba da haƙuri. A na uku ya yaga kunnen wata akuya mai ciki ta maƙwabcinsu Maikano, shi kuwa Maikano bai tsaya gaisuwa ba sai gaban mai unguwa.

Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya ce, "Malam Gwadabe, Juma'a uku na ba ka. Asabar ɗin da ke bi musu za a saki awakin Maikano a ƙofar gidanka, a kwance wa karen igiya. In ya taɓa ko da jelar guda ce, masu keji za su tafi da shi."

Kowa ya san mutanen nan masu zuwa da keji a bayan babur suna sayen karnuka, kowa kuma ya san ba kiwo suke kai su ba.

Sai ya koma ga abin da ya ga ubansa yana yi: yunwa da sanda. A hana kare abinci ya yi laushi, in ya yi laifi a zane shi. Kwana shida yana haka. Sakamakon? Duna ya koyi maƙalewa a bayan ayaba in ya hango maigidansa, amma akuya ko a mafarki ya gan ta sai ya bi ta.

Ranar Asabar Miriam ta zo sayen karas kamar yadda ta saba. Ma'aikaciya ce a ɗakin karatu na jami'a a Wudil, 'yar Filato, kuma a gidan da ta tashi karnuka biyar gare su.

"Sannu da aiki, Baba. An tashi lafiya? Ya gajiya? Ya Mama? Ya muka ji da zafi?"

"Lafiya lau, 'yata, zafi lokacinsa ne. Ya aiki? Ya mutanen gida, ana jin su?"

"Suna lafiya. Amma kai, Baba, fuskarka ba ta ce lafiya ba. Kuma me Duna ya yi aka ɗaure shi a rana?"

Ya kwashe labari ya gaya mata. Miriam ta dubi karen. Ta zari karas ɗaya a kwando, ta wanke, ta ɓalli ɗan guntu, ta kai saitin hancin karen, ta ɗaga sama a hankali zuwa bayan kansa. Duna ya bi abin da hanci, ya bi, ya bi, sai ga shi ya zauna daram a ƙasa. Nan take ta sakar masa. Ya cafe, ya tauna, ƙurus ƙurus.

"La'ilaha illallahu!" in ji Gwadabe. "Kare da karas? Yaushe Duna ya koma zomo?"

"Sake gani, Baba." Ta maimaita sau uku, tana cewa "zauna" kafin ya kai ƙasa. A na huɗu, tana faɗa ya zauna tun kafin ta ɗaga hannu.

Kai, Gwadabe har da tsalle da ƙafa ɗaya! Ya wurgar da sandar cikin kabewa, ya ce a ba shi karas ɗin ya gwada da kansa. Miriam tana dariya ta ce ya dakata, karas zalla ba zai fi wa Duna akuya daɗi ba, sai an haɗa masa abin da ƙamshinsa zai mantar da shi komai. Ta lissafa masa: a dafa dankali da kabewa, a kirɓa da nunanniyar ayaba, a gurza karas a ciki, a sa ɗan abin gyaɗa don ƙamshi, a mulmula ƙanana, a shanya ya bushe. Ban da gishiri, ban da yaji, ban da tafarnuwa. Albasa kuwa ko kusa, don tana lalata wa kare jini.

"Sai babbar doka," in ji ta. "Da ya yi daidai, ka ba shi nan take. Ba sai an jima ba. In ya yi abin kirki ya ga ba a ba shi ba, zai ɗauka ba shi ake so ba, ya tashi ya kama gabansa."

Gwadabe ya iso gida da kaya niƙi-niƙi yana ƙwala kira tun daga zaure. Safara'u mai sana'ar man gyaɗa ce, don haka tunkuza, wato tuƙin gyaɗar da ake yin ƙuli-ƙuli da shi, ba ta yankewa a gidan. Ta ba shi tunkuzar da ba a sa wa gishiri ba, amma da ya miƙa hannu ga turmi sai ta tare.

"Malam, ina za ka da turmina?"

"Haba, Safara'u, ai ba lasa zai yi ba."

"Ko sunansa ba zai shiga turmina ba."

Ta jawo masa wata tsohuwar tukunya mai tsaga da muciyar da ta karye, ta koma gefe ta zuba ido. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba! Ya cika ruwa, abu ya yi caɓal. Ya mulmula shi manya-manya kamar dawon fura, ya jera a inuwa wai kada rana ta ƙona. Kwana uku sai ga fumfuna ta lulluɓe su, tsami ya cika gida. Da ya kai wa Duna ɗaya, karen ya shinshina, ya yi atishawa, ya juya masa baya. Ga Juma'a ta biyu ta kawo kai. Gwadabe ya zauna a bakin murhu ya yi tagumi, abin tausayi.

Safara'u dai ba ta iya kallon aikin banza. Ta yi tsaki, ta ɗaure zane, ta ce, "Matsa. Ba don wancan abin naka zan yi ba, don kada a ce a gidana aka yi wannan ƙazantar." Ta turara dankalin da kabewar maimakon ta jiƙa su a ruwa, ta gurza karas a abin gurza kuɓewa, ta matse ruwansa da tsumma mai tsabta. Tana cikin haɗawa hannunta ya tafi kwandon albasa shi kaɗai, don shekara arba'in ba ta taɓa ɗora tukunya babu albasa ba. Gwadabe ya zabga ihu har kaji suka watse.

"Albasa! Za ki kashe mini shi!"

"To, na ji! Sai ka ce na ɗauko fiya-fiya."

Ta mulmula su ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ta ɗan danne kowanne da babban yatsa don ya bushe har ciki, ta jera a tsohon faranti a kan rumfar kwano, ta rufe da yagaggen gidan sauro saboda ƙuda da kaji. Ranar bazara ta yi aikinta. Kwana biyu suka bushe ƙarau. Ita da kanta take ɗebo biyu ko uku ta ƙulle a haɓar mayafi, in an jima ta kwance ta latsa ta ji ko sun yi.

Ranar da Duna ya fara ɗanɗanawa, wallahi sai da ya zagaye Gwadabe sau uku yana kaɗa jela kamar za ta tsinke. Daga nan aiki ya kankama. Kullum da sassafe kafin a tayar da injin ban-ruwa, "Zauna!" a ba shi. "Zo!" a ba shi. "Kalle ni!" a ba shi. Sannan Gwadabe ya riƙa jan sa da igiya zuwa inda ake hango awaki daga nesa, kullum ana ƙara matsawa taku kaɗan. A majalisa aka sa wa abin suna ƙulin Duna, ana ce wa Gwadabe ya zama kukun kare. Ko a jikinsa. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya sha labarin yadda ake gurza karas.

Asabar ta zo. Da hantsi ƙofar gidan ta cika, mai unguwa a kan kujera, Miriam a gefe ta bar sayen karas don ta ga ƙarshen abin. Gwadabe ya fito da rigarsa ta Juma'a. A nan ne zumuɗi ya kai shi ya baro. Kullum 'yan ƙwayoyi yake sakawa a aljihu, amma yau sai ya juye farantin gaba ɗaya a tsohon burgamin fata na ubansa, ya rataya a wuya, baki a buɗe, yana zagayawa yana nuna wa mutane. Har wani ya ɗanɗana ya ce da da ɗan sukari da an sha shayi da shi.

Aka kwance wa Duna igiya. Gwadabe ya ce, "Zauna!" ya zauna, ya ba shi ɗaya. Sai Maikano ya buɗe ƙofar gidansa. Awaki goma sha ɗaya, kuma da gangan ya hana su dusa tun jiya don su fito a haukace.

Ko kallon karen ba su yi ba. Suka ɗaga hanci, suka nufi Gwadabe a guje! Yo, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shinge lambu don kada akuya ta ci masa dankali da karas, yau ya dafa su, ya sa musu gyaɗa, ya rataya a wuya! Ko sau ɗaya abin bai zo masa a rai ba. Wata ta dafa ƙirjinsa, wata ta cusa kai a burgamin, gwiwar nan ta ce ba da ni ba. Sai ga Gwadabe a ƙasa warwas, ƙuli ya watse, awaki a kansa.

Dariyar mutane ta tsaya cak, don Duna ya miƙe. Gashin bayansa ya tashi, haƙora a waje, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ga maigidansa a kwance, ga abokan gabarsa suna tattaka shi suna cinye masa abinci. Gwadabe ya hango kejin nan a zuciyarsa. Daga ƙarƙashin cikin wata akuya ya tattaro duk muryar da Allah Ya ba shi.

"Duna! Zauna!"

Karen ya tsaya. Ya dubi awakin, ya dubi Gwadabe. A hankali, a hankali, ya kai gindi ƙasa. Akuyar nan mai yagaggen kunne ta zo har gaban ƙafafunsa tana tsintar ƙuli, bai taɓa ta ba. Ido kawai ya kafa wa maigidansa yana jiran hakkinsa.

Gwadabe ya lalubi burgami, wayam. Ya lalubi aljihu, wayam. Awaki sun lashe ƙasa tas. Dokar Miriam ta faɗo masa, nan take, ba sai an jima ba. Ya ga kunnen Duna ya fara karkata wajen akuyar, ƙafafun baya sun fara ɗagowa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗa rami.

Sai labulen zaure ya motsa. Safara'u ce, tana kwance ƙullin haɓar mayafinta da haƙori don sauri. Ta fito har waje gaban maza, ta miƙa hannu ta cilla.

"Ungo, Duna."

Ya cafe a sama, ya koma ya zauna. Ta cilla na biyu, ya cafe.

Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Miriam tana ta tsalle kamar ƙaramar yarinya. Mai unguwa ya juya ya ce, "Maikano, ka gani?" Maikano yana riƙe da ciki don dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, na janye. Yanzu ai awakina ne ya kamata a kawo ƙara."

Gwadabe bai tashi ba. Yana zaune a ƙasa, rigar Juma'a duk sawun kofato, hawaye suna bin gemunsa, ba ya ko sharewa. Ya ɗaga kai ya dubi matarsa.

"Safara'u, sunansa fa kika kira."

Ta gyara mayafi ta juya za ta shige. "Tashi, dattijo da kai kana kuka a gaban mutane. Ka je lambu ka tono dankali, yaron nan ba shi da na gobe."