Ɗalha Mai Igiya da Motar Marayu

Shekara goma sha tara Ɗalha Dabo, mutumin Tafashiya, yana riƙe da igiyar shingen haraji a bakin kasuwa. Aikinsa bai da wuya: kaya ya zo fita, a yanki rasit, ya saki igiya. Ko jakin surukinsa bai taɓa wucewa a banza ba, shi ya sa ba a cika gayyatarsa suna ba. Da wannan ɗan albashin yake ciyar da baki tara.

Akwai wani kamfani mai sayen riɗi da waken suya, wanda tirelolinsa ke biya kamar kowa, har zuwa shekarar zaɓe. A shekarar ne kamfanin ya buga wa wani ɗan takara mai suna Jaji fastocin zaɓe, ya saya masa babura, Jaji ya zama kansila. Ba a yi wata uku ba takarda ta fito cewa motocin agaji ba sa biyan ko sisi. Ɗalha ya ce madalla.

Ran kasuwa sai ga tirelar kamfanin nan, direban da ya sani, lambar da ya haddace, amma an shafe jikin motar da sabon fenti an rubuta Gidauniyar Tallafa wa Marayu. Riɗi ne shaƙe a ciki, kuma kudu ta nufa. Kan bawan Allah ya ɗaure tamau. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin sadaka ta bar ƙauye ta tafi birni ba. Ya ja igiya, ya ce sai an yi masa bayani.

Kansila Jaji ya iso da kansa. "Baba Ɗalha, ba ka iya karatu ba ne?"

"Na iya, ranka shi daɗe. Marayun nan, a wane gari suke?"

Da aka kira shi ofis, rigarsa ta salla ya saka, wai yabo za a yi masa. Takardar sallama aka miƙa masa, laifinsa hana aikin alheri. Kafin ya kai gida labari ya riga shi, an ce ya tare abincin marayu.

Matarsa Nagoggo ta ajiye masa ruwa ba ta dube shi ba. "Malam, kai da ka tashi maraya, mi ya kai ka?"

Ɗalha ya buɗe baki zai kare kansa, sai zuciyarsa ta karye. A hankali ya ce, "Nagoggo, halan marayun nan akwai su ɗin?"