Ranar da Na Yi wa Albasar Kawu Lodin Jirgin Sama

Duk Boɗinga da kewayenta, in ana maganar jirgin sama, ni ake nema. An yi zamanin da in ina zaune a majalisa jirgi ya gifta, sai in ɗaga kai in ce, "Kai, wancan lodinsa ya karkata hagu." Sai ka ga dattawa sun ɗaga kai suna gyaɗawa, alhali abin ko fukafukinsa ba a gani sosai. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina sojan sama. To ku tambaye ni sau nawa na hau jirgi a duk shekarun nan. Sau ɗaya ne tak, shi ma idona a rufe.

Shekarun baya, lokacin ina kofur, a sito nake aiki. Ni ne mai raba takalma da barguna da kaki. Amma a gida, da an ce sojan sama, to ai a sama yake kwana yake tashi. Ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Wata safiya aka manna sanarwa a allon bariki, cewa ƙananan sojoji masu son yin aiki a cikin jirgi su cike fom. Ba sai ka zama hafsa ba, ba kuma kai za ka tuƙa ba, amma da kai za a tashi. Kana iya zama mai lura da injuna yayin tafiya, ko mai tsayawa ƙofar helikwafta, ko mai kula da lodi a jirgin dakon kaya. Sajenmu, wani dattijo mai sanyin magana, ya tara mu ya ce kowa ya yi tunani da kyau. Akwai gwajin likita, akwai lissafi, akwai barin iyali ba shiri, ga shi kuma ba kowane ciki ne ke jure sama ba.

Na ce, "Saje, ni da na ci tuwon gidan biki bakwai a yini ɗaya? Cikina ƙarfe ne."

Ina da aboki a barikin, ɗan wajen Shagari, mutum mai shiru-shiru wanda sai ka yi magana goma bai yi ɗaya ba. Na tambaye shi wanne zai nema.

Ya ce, "Lodi. Tun ina ƙarami nike bin babana wajen lodin albasa. Na ɗan san yadda nauyi ke zama."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ana maganar jirgi kana maganar albasa! Allah ya shirye ka."

Ni ma lodin na zaɓa, amma dalilina daban. Na ji an ce matuƙi ba ya tashi sai mai lodi ya auna nauyin kaya ya sa hannu. Wato hafsa guda, da duk girmansa, ya zauna yana jiran sa hannun kofur! Tawadar fom ɗin ba ta bushe ba na buga wa mahaifiyata waya. Ban ce mata na nema ba. Cewa na yi an ɗauke ni. Kafin la'asar labari ya kai Sifawa.

Bayan mako biyu aka ce za a ɗan zaga da mu a jirgin dakon kaya, kowa ya ji yadda jikinsa zai karɓa. Ta wutsiya aka shigar da kaya, mu ma ta nan muka shiga, na ga akwatuna jibge a bakin ƙofar suna jiran a tura su ciki. Iyakar abin da na gani ke nan, don da injin ya ɗauki ruri na rufe ido. Da jirgin ya bar ƙasa, hanjina ya ce shi ba ya zuwa. Na karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa. Aka miƙo mini leda, na cika ta, aka miƙo ta biyu. Sau ɗaya na buɗe ido, sai na hango abokina a tsaye yana bin mai lodin jirgin, yana taɓa igiyoyin ɗaure kaya yana tambaya, kamar a tsakar gidansu.

Washegari na je wajen saje na ce a cire sunana. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba abin kunya ba ne, kofur. Duk jirgin da ka gani a sama, mutanen ƙasa ne suka tashe shi." Na roƙi abokina kada ya faɗi sunana ga kowa, ya ce ya ji. Shi ya wuce gwaji, aka tura shi kwas. Ni na koma kan barguna na. Gida kuwa ban buga waya na gyara ba. Kullum sai in ce gobe.

Da damina ta kama na samu hutu na zo Boɗinga. Na tarar ƙaryata ta riga ni girma. Har an fara ce mini Mai Sa Hannu. Maimakon in rage, sai na ƙara mata gishiri: na ce akwai ranar da na hana wani babban hafsa tashi saboda jakarsa ta yi nauyi.

Kwana uku da zuwana kawuna, yayan mahaifiyata, ya aiko in same shi ƙauyensu kusa da Lambara. Manomin albasa ne. Tun girbin rani ya zuba albasarsa a rudu, rumfar nan ta kara da ake ajiye ta iska na ratsa ta, wata huɗu yana juya ta yana tsince ruɓaɓɓu, yana jiran ta yi daraja. Yanzu ta yi. Ita ce noman shekararsa gaba ɗaya, da ita zai ci da gida har wani ranin. An ɗura ta a buhuna, ga kanta, ƙaramar motar nan ta dakon kaya, ta zo za ta fitar da ita bakin titin Shagari, inda babbar mota ke jira.

Shugaban masu lodin wani tsoho ne siriri, hularsa ta sha rana, tafin hannunsa kamar fatar ganga. Har ya sa an fara jera buhuna a bayan kan mota, dab da mazaunin direba, sai kawu ya ɗaga hannu.

"Ku dakata! Ga ɗan ƙanwata ya iso. Wanga da kuke gani, jirgin sama yake yi wa lodi. Yau albasata lodin jirgi za ta sha."

Tsohon ya sauko ya ba ni hannu biyu. Ya ce, "Sannu da zuwa, soja. Ashe abokin aiki ne. Ɗiyana ma yana wajenku, wanga aiki yake koyo. Ya ce mini ba wani bambanci da namu: nauyi a tsakiya, a ɗaure shi kar ya motsa."

Na dubi goshinsa, na dubi yadda yake magana a hankali, na gane ko mahaifin wa ke gabana. Jama'a, nan ne Allah ya buɗe mini ƙofar fita. Da na ce, "Baba, ci gaba, kai ne malaminmu," da an tashi lafiya har a yaba mini ladabi. Amma mutane sun kewaye ni, kawu yana ta murmushi. Sai na ji bakina ya ce:

"Ai shi koyo yake yi, Baba. Ni na gama."

Duk abin da ya biyo baya bai kai wannan maganar ƙona ni ba.

Na tuna akwatunan da na gani jibge a wutsiyar jirgi kafin in rufe ido. Na ce a kwashe buhunan da aka jera a gaba, a mayar da su baya. A bar bayan kan mota fili, don hancin mota ya yi sauƙi. A kwantar da ƙyauren baya, a ɗora buhuna a kansa, a ɗaure da igiya.

Tsohon ya ce, "Soja, akwai hawa a gaba, in an fito rafi."

Na ce, "Baba, hawan da jirgi ke yi fa?"

Direba ya leƙo ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan lodi ba. Kawu ya ce, "Yo ina za ka gani? Ka taɓa shiga jirgi?" Aka yi dariya. Tsohon ya dubi kawu, ya ce, "Alhaji, kayanka ne." Kawu ya ce a yi yadda soja ya ce. Tsohon ya sa hannu aka yi lodin, shi da kansa ya ɗaure igiyar, ya ja ta iya ƙarfinsa.

Mota ta tashi muna biye da ita a ƙafa. Ta gangara rafin, ruwa iya ƙauri, jajir da laka saboda ruwan da aka yi shekaranjiya. Ta ratsa lafiya. Har na fara gyara tsayuwa ina duban jama'a. Direba ya ba ta wuta za ta hau gangaren ƙetare, sai na ga tayoyin gaba sun bar ƙasa. A hankali, kamar mai ɗaga hannu zai yi kabbara. Hancin kanta ya dubi sama. Direba ya yi salati ya diro ta taga. Igiya ta yi ƙara ta tsinke, ƙyauren baya ya ɓalle, buhuna suka bi juna cikin rafi, tim, tim, tim. Waɗansu suka fashe. Motar ta dawo ƙasa da ƙarfi, albasa kuwa ta bazu a kan ruwa tana tafiya abinta.

Duk wanda ya san albasa ya san ba ta shiri da ruwa. Wata huɗu kawu yana kare ta daga ɗigon ruwan sama, ni na tsoma ta a rafi cikin minti ɗaya.

Ba wanda ya zage ni. Da ma an zage ni. Kowa ya naɗe wando ya faɗa ruwa, mata suka fito da kwanduna da tabarmi. Kawu ya tsaya a bakin rafi, ya tsinci albasa guda ya goge ta da hannun rigarsa, ya daɗe yana dubanta. Mutumin da ɗazu yake dariya har da tafi. Na je gabansa na durƙusa cikin laka, da kakina da komai, na ce, "Kawu, ƙarya nake yi. Ban taɓa yi wa jirgi lodi ba. A sito nake, barguna nake rabawa."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Tashi ka kama buhu."

Wadda ba ta jiƙe ba, tsohon ya sake loda ta yadda ya so tun farko: ya fara daga bayan kan mota, buhu na hawa kan gaɓar buhu biyu kamar ginin bulo, nauyi a tsakanin tayoyi. Motar ta hau gangaren ko tari ba ta yi ba. Wadda ta jiƙe muka shanya, ga damina, rana na fitowa tana komawa. Sauran hutuna a nan ya ƙare, ina juya albasa ina tsince ruɓaɓɓu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ta tafi. A shekarar nan sai da kawu ya sayar da bijimin da yake huɗa da shi. Na yi abin da zan iya daga baya, amma bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma shirun nan ya fi mini bulala zafi.

Da na koma Boɗinga na faɗa wa mahaifiyata gaskiya, ina jiran faɗa. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! Ashe ƙasa kake." A nan na ji cewa tun ranar da na buga mata waya take azumin Litinin da Alhamis saboda ni, kuma duk jirgin da ya wuce sai ta bar abin da take yi ta fito tsakar gida tana addu'a har ya ɓace. Tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ni ina can ina ninke barguna a inuwa.

Abokina ya gama kwas, ya yi shekaru yana yawo a sama, ya kai abinci da magani wuraren da mota ba ta zuwa. Ban taɓa jin ya ce shi ne mai sa hannu ba. Ni kuma na yi ritaya a sitona, kuma ba yabon kai ba, ba sojan da ya taɓa kwana ba bargo ta dalilina. Yanzu in ƙananan sojoji suka zo suna shawarar ko su nemi aikin cikin jirgi, nakan ce aiki ne mai kyau, wanda ya iya ya nema. Amma ka tambayi kanka, aikin kake so ko labarin da za a ba da a majalisar garinku? Ni labarin nake so, kuma na same shi, sai dai ba irin wanda na yi oda ba. Ka bari ka hau tukuna kafin ka buga waya gida.

Har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa sai kunnuwana su yi zafi. Kuma ba faɗuwar buhunan nake tunawa ba. Abin da nake tunawa shi ne bayan motar ta haye, muna wanke ƙafa a bakin rafi, tsohon ya matso kusa da ni yadda ba mai ji. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na ce a kan ɗanka."

Ya ce, "Ba komi, soja." Ya ci gaba da cuɗa ƙafarsa. Can ya ce, "Ɗiyana ya ba ni labarin ranar da anka zaga da su cikin jirgi. Ya ce akwai wani ɗan Boɗinga da anka sauko da shi riƙe da leda biyu. Na yi na yi ya gaya mini ko ɗan wane gida ne, ya ƙiya."

Ya sa takalminsa, ya miƙe, ya dafa kafaɗata.

"To, yau dai na huta da tambaya."